Wa ke riƙon yaron? Gidajen renon yara da ma'aikatansu, daga Zungeru zuwa Yamai

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi yin nazari a kan gidajen marayu, ko sauran gidajen da ake aje yara a cikinsu dare da rana, a Nijar ko a arewacin Nijeriya, abu ukku zai fara cin karo da su: ranar da aka buɗe gidan, sunan wanda ya ba da kuɗin gini, da kuma yawan yaran da ke ciki. Abin da ba safai ake samun bayaninsa ba shi ne mutanen da ke tashi da tsakar dare in yaro ya yi kuka: su wane ne, daga ina aka ɗauko su, nawa ake biyansu, yara nawa ke hannun kowace ɗaya, kuma shekara nawa take yi kafin ta bar aikin. A tamu fahimta, a nan ne ainihin tarihin waɗannan gidaje yake. Saboda haka a cikin wannan ɗan nazari za mu yi ƙoƙari mu jera abubuwa biyu kusa da juna, wato abin da ya gudana a yankinmu tun daga farkon mulkin mallaka, da abin da masu bincike suka gano tun daga 1945 game da ma'aikatan irin waɗannan gidaje.

Akwai matsalar kalma da ya kamata mu kawar tun yanzu. Faransanci ya bambanta orphelinat da pouponnière da foyer da centre d'accueil, amma Hausa ta haɗe su duka ta ce "gidan marayu". Wannan suna yana ɓad da mai nazari, domin kamar yadda za mu gani, da yawa daga cikin yaran da aka tara a waɗannan wurare iyayensu na raye. Mu za mu riƙa cewa "gidan reno", sai fa inda su masu gidan suka kira shi gidan marayu.

1. Riƙo

Kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa ba ta da wani gini na musamman da ake tara marayu a ciki. Wannan ba ya nufin babu marayu. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 tsakanin Sakkwato da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, da samamen bayi, da yunwa, sun bar yara birjik ba uwa ba uba. Abin da ake da shi shi ne riƙo. Ana ba da yaro, galibi bayan yaye, ga kaka ko gwaggo ko inna, ko ga wata ƴar'uwa da Allah bai ba haihuwa ba, kuma ba sai an yi mutuwa ba: kunyar ɗan fari kaɗai ta isa ta sa a kai shi wani ɗaki. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙe ƴaƴan dangi har ta aurar da su.

Fiƙihun Malikiyya, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure daga Risala ta Ibn Abi Zaid, ya bi wannan hanya. In aure ya mutu ko uwa ta rasu, haƙƙin reno, wato hadana, yana bin jeri ne: uwa, sannan kaka ta wajen uwa, sannan ƴar'uwar uwa, har a gangaro kan sauran dangi. Ɗan tsintuwa kuwa ɗaukarsa farilla ce a kan jama'a, ciyar da shi kuma, in ba shi da komi, yana kan baitulmali. Abin lura a nan shi ne shari'a ba ta ce "dangi" a dunƙule ba. Ta jera mutane ne ɗaya bayan ɗaya, yadda a kowane lokaci za a iya nuna mutum guda a ce ga mai riƙon yaron nan.

Kada mai karatu ya ɗauka muna yi wa riƙo kirari ne. Harshen da ya san riƙo shi ne kuma ya san "riƙon sakainar kashi", tatsuniyoyinmu cike suke da marainiya da kishiyar uwa, kuma kowa ya san gidan da ƴar riƙo ce mai daka, ita ce mai talla, ita ce ta ƙarshe wajen cin tuwo. Sai dai ko a nan ma, in abu ya ɓaci, an san wanda za a tuhuma.

Wuri guda da aka daɗe ana tara yara da yawa nesa da iyayensu shi ne makarantar allo ta almajirai, wadda ake kira tsangaya. Ita ma tana da nata tsarin ma'aikata, ko da ba a kiransu haka: malam na sama, gardawa na kula da titibirai da ƙolaye, matar malam na duba ƙanana, almajiri kuma yakan sami uwar ɗaki a cikin gari wadda ke ba shi tuwo yana yi mata aike. Olivier Meunier ya yi nazarin karatun Islama a Maraɗi a shekarun 1990, Hannah Hoechner kuma ta yi na almajiran Kano a littafinta na 2018. Tsarin da zai iya ɗaukar almajirai kaɗan a ƙauye, inda malam ke da gona kuma ya san iyayen kowa, ba dole ne ya ɗauki ɗaruruwa a birni ba. Iyakar lalacewar abin ita ce wadda aka gani a watan Satumba na 2019, lokacin da ƴan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane kimanin 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa.

2. Gidajen da Turawa suka gina

Gidan reno irin na hukuma, mai rajista da kasafin kuɗi da albashi, bauta ce ta haife shi. A 1901 Gwamna Lugga ya yi shelar cewa duk yaron da aka haifa a arewacin Nijeriya daga ranar 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne, ya kuma haramta cinikin bayi. Sojoji da rasdanai suka shiga tare ayarin fatake suna ƙwace bayi, galibinsu yara da mata, da yawa daga wajen Adamawa da ƙasashen Binuwai. Babba ana iya sallamarsa ya nemi hanyar gida. Yaro ɗan shekara biyar wanda bai ma san sunan garinsu ba fa? Don haka ne bayan Lugga ya mai da mazauninsa Zungeru a 1902 aka buɗe gidan ƴantattun bayi a can, aka kuma buɗe wani a Barno. G. O. Olusanya ne ya fara jawo hankalin masana tarihi kan waɗannan gidaje a wata maƙala ta 1966, Lovejoy da Hogendorn kuma suka taɓo su a littafinsu na 1993 kan mutuwar bauta a arewacin Nijeriya.

Shugabar gidan Zungeru Baturiya ce, ƴan Afirka na aiki a ƙarƙashinta. Ana koya wa yaran wanki da guga da ɗinki da aikin lambu da sassaƙa. Rahotannin shekara-shekara suna kawo adadin waɗanda aka karɓa, da waɗanda suka mutu, da waɗanda suka gudu, da waɗanda aka aurar ko aka miƙa wa wasu su riƙe, wato ƴan mishan da ma'aikatan gwamnati da Turawa masu neman barori. Mace-mace sun yi yawa a shekarun farko, kuma bayanin da aka fi bayarwa shi ne yaran na isowa ne a rame, cike da cuta, bayan doguwar tafiya. Wannan gaskiya ne. Amma bari mu dubi abin ta idon yaron. An raba shi da uwa, an raba shi da ubangijin da ya saye shi, an kawo shi inda ba a jin harshensa, shugabar da ya fara sabawa da fuskarta kuma ma'aikaciyar mulkin mallaka ce, wadda bisa ƙa'idar wancan zamani takan yi kamar shekara guda ta tafi hutu Ingila. In ya rayu, sai a miƙa shi ga wani sabon hannu. Rahoto na iya ƙidaya gawa, amma ba shi da gurbin da zai rubuta hannu nawa yaron ya bi.

A 1909 gwamnati ta sauke nauyin daga kanta, ta kwashe yaran Zungeru ta miƙa wa mishan ɗin Sudan United Mission, wadda ta gina gida a Rumasha a bakin Binuwai ta sa masa sunan Lucy, matar Karl Kumm wanda ya kafa mishan ɗin, wadda ta rasu a 1906. Daga baya aka mai da gidan Wukari, aka rufe shi a 1925. Wannan ɗabi'a ta hukuma ta fara abu sannan ta miƙa wa masu agaji, ta tsaya kan ba da ɗan tallafi, za mu sake gamuwa da ita.

Faransawa sun bi wata hanya. Bayin da suka ƙwace sun tara su ne a villages de liberté, waɗanda Denise Bouche ta yi wa nazari a 1968 ta nuna cewa rumbun ƴan aikin tilas ne, har mutane na kiransu ƙauyukan bayin kwamandan. Yaran da Faransa ta gina wa gidan reno na musamman wasu ne dabam: ƴan ruwa biyu, wato métis, ƴaƴan da sojoji da ma'aikatan Faransa suka haifa da matan ƙasa suka tafi suka bari. Owen White, a littafinsa Children of the French Empire na 1999, ya bi tarihin waɗannan gidaje a Afirka ta Yamma, waɗanda da farko ƴan mishan suka riƙe, daga baya hukuma ta kafa nata. Akwai su a Sudan ta Faransa da Gine da Dahome da Kodibuwa, inda aka mai da tsohon gidan gwamna na Bingerville gidan renonsu, akwai kuma a Damagaram, wadda ita ce fadar mulkin Nijar har zuwa 1926 da aka dawo Yamai.

An kira su gidajen marayu, alhali uwayen yaran na raye, ubanninsu kuma, ko da takarda ta ce père inconnu, duk gari ya san su. Dokar 5 ga Satumba 1930 ta ba irin waɗannan yara damar neman zama ƴan ƙasar Faransa in an tabbatar ɗaya daga cikin iyayen Bature ne, ba tare da an kama sunansa ba. Wato ke nan a nan hukuma ba rashin mai riƙo ta zo ta cike ba. Mai riƙo tana nan, hukuma ce ta ga ba ta cancanta ba, ta sa gida a madadinta. Manufar ita ce a samar da ƙananan ma'aikata: maza su zama akawuna da malaman lakkwal da ma'aikatan asibiti, mata su zama ungozomomi da malamai. Pascale Barthélémy ta nuna a littafinta na 2010 cewa ƴan ruwa biyu na da yawa a cikin ɗaliban farko na sashen ungozoma na makarantar likita ta Dakar, wadda aka buɗe a 1918. Abin mamaki ke nan: yaran da aka hana wa hannun uwa su ne aka horar su karɓi haihuwar wasu. Beljik, wadda ta yi irin wannan a Kwango da Ruwanda da Burundi, firaministanta ya nemi gafara a watan Afrilu na 2019, a Disamba na 2024 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta Bruxelles ta yanke cewa abin da aka yi wa wasu mata biyar laifi ne na cin zarafin bil'adama.

3. Abin da bincike ya gano

Bari mu bar yankinmu na ɗan lokaci, domin binciken da ya shafi ma'aikatan gidajen reno a Turai da Amurka aka fara shi, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya bar yara barjat ba iyaye.

A 1945 René Spitz ya gwada wurare biyu. Ɗaya ɗakin reno ne a gidan kason mata, inda kowace uwa ke kula da jinjirinta. Ɗayan gidan ƴan tsintuwa ne mai tsabta da abinci da likita, amma mai reno guda ce ke kula da jarirai kamar takwas. Ƴaƴan fursunoni suka yi ta girma lafiya lau, na gidan mai tsabta suka yi ta komawa baya, kuma daga cikin 91 da ya bi sawunsu 34 sun mutu cikin shekara biyu. An soki hanyar binciken Spitz, kuma sukar na da tushe, amma tambayar da ya tayar ba ta kwanta ba. Rahoton da John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951 ya yaɗa ta ko'ina, Jenny Aubry kuma ta tabbatar da irinta a wani gidan reno na Paris a littafinta na 1955.

Darasin da mutane da yawa suka ɗauka shi ne gidan reno mugun abu ne, a rufe shi. Amma tun 1946 likitar yara Emmi Pikler ta buɗe wani gida a titin Lóczy na Budapest wanda ya nuna ba ginin ne matsala ba. A can an ɗaura wa kowace mai reno ƴan yara ƙalilan waɗanda ba a canza mata, an koya mata ta riƙa yi wa jinjiri magana lokacin wanka da ciyarwa, tana gaya masa abin da za ta yi kafin ta taɓa shi, tana kuma rubuta abin da ta lura da shi. Myriam David da Geneviève Appell suka gabatar da wannan tsari ga masu jin Faransanci a 1973, kuma ɗalibanmu da suka yi karatun aikin jin daɗin jama'a a Faransa lalle sun gamu da sunan.

Aikin da muka fi ganin amfaninsa ga mai nazarin tarihi shi ne na Barbara Tizard a gidajen renon jarirai na Ingila a shekarun 1970. Gidaje ne masu wadata: abinci, littattafai, kayan wasa, ma'aikata isassu. Sai dai wuraren horar da masu reno ne, ɗalibai na shigowa suna fita, kuma da gangan ake hana su shaƙuwa da yara. Tizard ta yi wani lissafi mai sauƙi, ta ƙidaya mutanen da suka kula da kowane yaro. Kafin ya cika shekara 2 ya bi ta hannun mutum 24 a matsakaicin lissafi, kafin shekara 4 da rabi kuwa kimanin 50. Basirar yaran da maganarsu ba su sami wata tawaya ba, amma da yawa suka tashi suna liƙe wa kowane baƙo, ba su da wani nasu na musamman, kuma alamun haka suka bi wasunsu har cikin samartaka. Hausawa na cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Wajen reno dai lissafin Tizard bai goyi bayan karin maganar ba. A 1971 kuma King da Raynes da Jack Tizard, a nazarinsu na gidajen yara masu taɓin ƙwaƙwalwa, suka gano cewa girman gida ko yawan ma'aikata ba su ne ke raba gida mai kyau da maras kyau ba. Abin da ke rabawa shi ne yadda aka tsara aikin, da irin horon shugaban sashe, da ko yana zama cikin yaran ko yana ofis, da kuma ko an sakar masa mara ya yanke shawara.

Bayan faɗuwar Ceausescu a 1989 duniya ta ga halin da gidajen marayun Rumaniya ke ciki. Daga nan ne Nelson da Zeanah da Fox suka shirya binciken Bukares: yara 136 na gidajen reno, aka yi ƙuri'a, rabi aka kai su riƙo cikin iyalai, rabi suka ci gaba da zama. Sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna cewa a wata na 54 ma'aunin basirar ƴan riƙo ya kai 81, na waɗanda aka bari 73, na yaran da ba su taɓa shiga gidan reno ba 109, kuma waɗanda aka fitar kafin shekara 2 sun fi amfana. Binciken Saint-Pétersbourg na 2008 shi ne ya taɓa batunmu kai tsaye. A gidajen jarirai na wannan birni yaro kan bi ta hannun mutum 60 zuwa 100 a shekarunsa biyu na farko. Aka ɗauki gida ukku. Na farko aka ba ma'aikatansa horo kuma aka sake tsarin aiki: aka rage yawan yaran kowane rukuni zuwa 6 ko 7, aka ɗaura wa kowane rukuni masu reno biyu na dindindin, aka daina ɗauke yaro zuwa sabon rukuni duk lokacin da ya ƙara girma. Na biyu horo kaɗai aka ba shi, na ukku aka bar shi yadda yake. A gida na farko yaran suka ci gaba a jiki da basira da hulɗa. A na biyu canjin bai taka kara ya karya ba. Muna fatan masu shirya taron ƙara wa juna sani na kwana biyar-biyar a otal-otal ɗin Yamai su san da wannan sakamako.

Daga Afirka akwai aikin Wolff da Fesseha na 1998 a Iritiriya, inda suka gwada gidajen marayun yaƙi biyu. A ɗaya darekta ne ke yanke komi bisa doka da jadawali, a ɗayan ma'aikata na da baki a shawara kuma suna kusa da yaran. Yaran gida na biyu suka fi samun natsuwa. Akwai kuma binciken Whetten da abokan aikinta na 2009 a ƙasashe biyar matalauta, cikinsu har da Habasha da Kenya da Tanzaniya, wanda ya gwada yara kusan 3000 ƴan shekara 6 zuwa 12 ya tarar na gidajen reno ba su fi na riƙon dangi shan wuya ba. An yi ta gardama a kansa. Mu dai ba mu ga ya rushe na Bukares ba, tunda shekarun yaran ba ɗaya ba ne, kuma da yawa daga cikin gidajen ƙanana ne waɗanda masu reno ke kwana a ciki. Yana dai tuna muna cewa riƙon dangi cikin talauci shi ma ba aljanna ba ne.

4. Yamai

Bayan 1960 Nijar ta gaji ɗan abin da Faransa ta bari, wanda ya fi karkata ga yaran da suka saɓa wa doka, kamar cibiyar gyaran hali ta Dakwaro. Danièle Poitou ta yi nazarin wannan fanni a littafinta La délinquance juvénile au Niger, wanda IRSH ta buga a 1978. Sauran yara kuwa an bar wa dangi, kuma dangi sun ɗauka, har fari ya zo ya gwada ƙarfinsu. A 1973 da 1974 dubban makiyayan da dabbobinsu suka ƙare sun taru a sansanin Lazaret a bakin Yamai, inda daga baya ya zama unguwa. 1984 ta maimaita irin wannan. Fari ba yaro kaɗai yake mai da wa maraya ba, har gwaggon da za ta riƙe shi yake talautawa.

Nijar ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, wadda sashenta na 20 ya ambaci kafala ta Musulunci cikin hanyoyin riƙon yaron da ya rasa iyali. A 1999 aka kafa kotunan yara. Amma shekarun nan su ne na tsuke bakin aljihu, da karyewar darajar sefa a Janairu na 1994, da albashin da ke yin watanni bai fito ba. Kamar Zungeru a 1909, sai fagen ya koma hannun masu agaji: majami'u, da ƙungiyoyin Turai, da na ƙasashen Larabawa irin su Agence des Musulmans d'Afrique ta Kuwaiti.

Wanda ya fi shafar batunmu shi ne ƙauyen yara na SOS da aka buɗe a Yamai a 1993, daga baya aka ƙara na Tawa da na Doso. Tsarin da Hermann Gmeiner ya fara a Imst ta Ostiriya a 1949 amsa ce ga tambayar Spitz: mace guda, wadda ake kira uwa, tana zaune dare da rana da ƴan yara a gida guda, ba a raba ƴan uwa ɗaya, gidajen kuma na haɗuwa su zama ƙauye. In an duba, riƙo ne aka yi wa albashi. Sai dai a tsarin asali ana son macen ta kasance ba ta da miji ko ƙananan ƴaƴa, wanda ba ƙaramin sharaɗi ba ne a ƙasar da zaman mace ba aure abin magana ne. Kuma kyan tsari a takarda bai isa kariya ba: a 2021 uwar ƙungiyar ta duniya da kanta ta amsa cewa an cutar da yara a wasu rassanta na wasu ƙasashe, ta nemi gafara. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a ƙarshen 2009 sun ɗauki sakamakon binciken da muka kawo a sama kusan baki ɗaya: yaro ƙasa da shekara 3 a riƙe shi cikin iyali, gidan reno ya zama ƙarami, ma'aikata su isa yadda yaro zai iya shaƙuwa da mutum guda, albashi da sharuɗɗan aiki kuma su zama masu sa ma'aikaci ya daɗe.

Hanyar binciken da ake bukata ba baƙuwa ba ce a Yamai. Jaffré da Olivier de Sardan, a littafin Une médecine inhospitalière na 2003, sun zauna a asibitocin manyan birane biyar, cikinsu har da Yamai, suna kallon abin da ma'aikata ke yi a zahiri, ba abin da takarda ta ce su yi ba. Irin wannan zama muke so ɗalibanmu su yi a gidajen reno, su haɗa shi da lissafin Tizard, wanda ba ya bukatar komi sai littafin jeren aiki da haƙuri: a ɗauki yaro guda, a ƙidaya hannuwan da ya bi a shekara. A tambayi mai reno nawa take ɗauka in an gwada da mai shara ko mai gadi, wa take bar wa nata ƴaƴan ranar da take aikin kwana, me ya kori wadda ta gada, kuma in kuɗin mai agaji ya yanke wa ake fara sallama. A saurari abin da yaran ke kiranta, tanti ko inna ko mama, da wanne harshe, Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci. Masu nazarin tarihi kuwa, ban da takardun da ke Yamai da Dakar da Kaduna, suna da tsofaffin da suka tashi a gidan ƴan ruwa biyu da matan da suka yi aikin reno suka yi ritaya, kuma waɗannan ba za su jira mu ba.

Akwai tambaya guda da ba za a same ta a takardun tambayoyi na Landan ko Bukares ba, amma kowane Bahaushe zai fara da ita. A riƙon gargajiya, wadda ta riƙe yarinya ita ke yi mata kayan ɗaki da gara, mijinta ko wani namiji na gidan shi ke tsayawa ranar ɗaurin aure, kuma can yarinyar za ta koma wankan gida in ta yi haihuwar fari, can za ta yi yaji in an ɓata mata. Sai a nemi ƴan matan da suka fita daga gidajen renon Yamai tun daga shekarun 1990, a tambaye su wa ya yi musu waɗannan abubuwa, kuma ko mutumin yana cikin waɗanda gidan ke biya albashi.